Kunun Gwaggo da aikin Baba

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji.

Umma, tun bayan rasuwarki maƙoƙon Baba ya ƙara girma, har yana danne masa numfashi idan ya kwanta. Daga asibitinmu na Suleja aka tura mu babban asibitin koyarwa, ni ce nake jinyarsa.

Wurin nan gari ne guda. Kati a wani gini, ɗibar jini a wani, hoto can baya. Wanda na daure na tambaya sai ya yi min nuni da baki ya wuce. Alluna ko'ina, amma duk da Turanci, kin kuma san inda karatuna ya tsaya.

Kullum da safe babban likita yana zuwa da ɗalibansa su kewaye gadon Baba. Wannan ya taɓa wuyansa, wancan ya sa shi haɗiye yawu. Da junansu suke magana. Ni kuwa ina raɓe a jikin bango da tambaya a bakina har su koma gado na gaba. Da ke ce, sai kin tsare su sun yi miki bayani. Ina tuna yadda kike ce min, “Hafsatu, buɗe bakinki, ba wanda zai cije ki.”

Ranar da aka sa za a yi masa aiki, Gwaggo Asabe ta taso daga Diko da kunun gyaɗa a fulas. Ta ce ba za a kai ƙaninta gaban wuƙa da yunwa ba. Ni na riƙe masa kofin. Da masu tura gado suka zo, nas ta ga kofin ta hau mu da faɗa. Ashe ba a ci ba a sha kafin a yi wa mutum allurar barci. Wai an faɗa wajen zagayen likitoci. An faɗa wa wa, Umma? A kan Baba suka tsaya suka faɗa wa junansu. Aka ɗage aikin, aka shiga da wani.

Baba ya juya fuskarsa bango. Satin nan duk a zaune ya yi barci.

Yau ce sabuwar ranar. Gwaggo ta sake zuwa da fulas ɗinta, wai dama dalili suka nema su sa nasu a gaba, ko cokali biyu ne ya sha. Kin san ban taɓa musa wa babba ba. Na durƙusa na gaishe ta, na karɓi fulas ɗin kamar zan zuba, sai na rungume shi na ƙi saki. Ta ce na yi rashin kunya, ke ba haka kika rene ni ba. Kaina a ƙasa, amma ban ba ta ba.

Sun shiga da shi, Umma. Ina zaune a benci a ƙofar ɗakin tiyata, har yanzu ba wanda ya leƙo ya ce mana ga halin da ake ciki. Gwaggo tana can ƙarshen bencin, ba ta yi min magana. Ba komai. In ya fito yana numfashi sosai, na yarda ta yi ta fushi da ni.

Allah ya haskaka kabarinki, ya yafe miki, ya fito min da Baba lafiya.

Taki har kullum,
Hafsatu