Na Nuna Musu Dutsen Inna

Zuwa ga ƙanwata Geum-seon, a Osaka.

Gaisuwa mai yawa da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mai gidanki da jikoki. Ubangiji ya sassauta miki ciwon gwiwa, ya ƙara mana tsawon rai. Mu nan tsibirin Jeju lafiya lau, sai dai shiru. 'Yata Hye-suk ta kira daga Seoul, ta ce aiki ba zai bar ta ta zo bikin kaka ba. Lemo ya nuna a bayan gida, ni kaɗai nake tsinka.

Kin bar mu mata arba'in muna nutso a teku neman katantanwa, yau saura mu huɗu. In mun fito jin ɗumi, wutar ma ta fi mu surutu. Ruwan ya yi ɗumi, ciyawar teku ta mutu, duwatsun ƙasa sun yi fari fat, katantanwa kuwa sai labari. Kwanaki wata malamar jami'a, Dakta Bu, ta zo da taswira, ta ce mu muka san ƙasan ruwan nan, mu nuna inda ciyawa ta rage su ɗebi iri, mu dasa tare. Kin san halinmu, wa ke faɗin wurin nutsonta? Kowacce ta ɗora yatsa inda ba nan ba. Abokiyar nutsonmu Mal-sun har da rantsuwa, tsohuwar banza! Mako biyu Dakta Bu, baiwar Allah, tana shiga ruwa tana fitowa hannu wofi, leɓe ya yi baƙi don sanyi, amma ba ta fasa ce mana Goggo ba. Wallahi kunya ta kama ni.

Na tuna ranar da Inna ta kai mu dutsenta na ƙarƙashin teku inda take nutso, ta ce kada mu faɗa wa kowa sai 'yar cikinmu. To Hye-suk ko iyo ba ta iya ba, naki kuma ko harshenmu ba sa ji. Wa nake ɓoye wa? Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Shekaranjiya na kai Dakta Bu wurin dutsen. Geum-seon, ciyawar tana nan da ranta, ta fi ni tsayi! Ta ce wani ruwa mai sanyi ne ke ɓuɓɓugowa ta ƙarƙashi. Yanzu sun kafa alama ja, sun ba dutsen lamba, kowa na iya ganinsa daga bakin gaɓa. Mal-sun ta ce dama ta daɗe tana zargina, gobe ita ma za ta nuna nata.

Na ba da abin da rabinsa naki ne ban tambaye ki ba. Sirrin nan shi ne abu na ƙarshe da muke riƙe tare, kuma tun da na faɗa nake jin gidan ya ƙara faɗi.

Ki gaishe min da mai gidanki Tae-bong, da ɗanki Jun-gi da matarsa Michiko. In kin yi fushi, kada ki rubuto. Ki zo ki yi min faɗan da bakinki, na yi kewar mai yi min faɗa.

Yayarki,
Ok-ryeon