Gwangwani a Kan Kabarin Hamma

Assalamu alaikum, Hamma Buba, yayana. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima. Ka san ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina ne ke rubuta mini, kuma na ce ya sa inda kowa zai karanta, don akwai waɗanda nake so su ji.

Fadamarmu ta bayan Diggi ba tamu ba ce yanzu. Wasu masu gyaran daji suka zo suka zagaye ta da waya mai ƙaya, suka ce shanu sun cinye ta. Muka kwashe muka koma wajen Kambaza. Ba zan yi maka ƙarya ba, wurin ya yi kyau. Gamba ta fi ni tsawo, bado ya rufe ruwa, har gauraka ta dawo. Ciyawar da ka mutu kana nema wa shanunka ga ta nan, ba bakin da zai taɓa ta.

Ka tuna damanar da ciwo ya kayar da kai? Ruwa ya yanke hanya, ba yadda za a kai ka maƙabartar gari. Muka rufe ka kan tudu, tsakanin suri da gindin kalgo. Inna ta fasa tulunta na ruwan sha, ta ba ni bakinsa, na kifa wajen kanka don shaida. Duk kaka nakan zo in share, in yi maka addu'a.

Da masu gyara suka shiga, suka baje surin, suka tone kalgon, suka shuka gamba ko'ina. Ranar da mai gadi ya bar ni na shiga, na yi ta yawo har ƙafafuna suka kumbura. Hamma, na ɓatar da kai. Ni da nake faɗa wa mutane inda kowace rijiya take tun ta kakanni, na tsaya cikin ciyawa ban san gabas da kabarinka ba.

Ina nan tsaye sai ga wasu ɗiyan birni, maza da mata, da takalman roba, kowa ya ƙura wa wayar hannunsa ido. Suka wuce ni kai tsaye kamar ana jan su da igiya. Suka tsuguna, ɗaya ya ɗaga wani abu, suka sa shewa. Bakin tulun Inna ne. Na gane shi da zanen farce da ke wuyansa. A ƙarƙashinsa akwai ɗan gwangwani cike da tarkace: maɓalli, zobe na roba, murfin kwalba.

Wai wasa ne. Wani ya ɓoye gwangwani, ya gaya wa waya, wasu su zo nema. Wanda ya samu ya ɗauki abu ɗaya, ya ajiye wani. Da na ce musu mutum ne kwance nan, suka ba ni haƙuri, suka ce ba su ne suka ɓoye ba, wanda ya ɓoye ma ba su san shi ba.

Waya ta kore mu, waya ta kawo su. Wannan ce take ci mini rai.

Kai kake cewa, "Manu, ko bijimi ya fi ka jin magana." To, ban sake hali ba. Suna juya baya na ɗauki gwangwanin na wurga shi tsakiyar bado. A tunanina gwangwanin ne wayar take sansana, kamar kare. In babu shi, ba mai zuwa.

Ashe wurin ne wayar ta riƙe, ba gwangwanin ba. Da na dawo na iske gamba a kwance, sawun takalma a kanka ta ko'ina. Waɗanda suka zo baya sun rasa abinsu, suka yi ta tono da sanda. Bakin tulun Inna ya rabe biyu. Na zauna nan na yi kukan da ban yi ba ranar da muka rufe ka.

Na je wurin mai gadi, ya ce zai kai magana sama. Saman nan har yau ba ta sauko ba.

Sai na nemo gwangwanin madara na wanke. Na ajiye shi a fili, gefen ƙafafunka, inda ko makaho zai yi tuntuɓe da shi, don kada su ƙara tono. Na zuba goro a ciki. Mu a wurinmu, wanda ya karɓi goron sadaka, addu'a ta hau kansa. Ko sun sani ko ba su sani ba, sun ɗauka dai. In na zo nakan iske goron ya ragu, an bar mini maɓalli.

Idona yana dushewa, Hamma. Ɗiyanmu ba wanda ya san tudun nan, suna can Birnin Kebbi da Legas. In na bi ka, abin da zai riƙe wurin kwanciyarka shi ne wasan waɗanda ba su san sunanka ba. Na ƙi abin nan har cikin zuciyata, kuma ni ke zuba masa goro.

Ku da kuke karantawa, in wayarku ta kai ku tudun gamba kuka ga fasasshen tulu, kada ku ɗaga shi. Ku tuɓe takalma, ku yi sallama. Sunansa Buba.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa nauyin ƙafafun nan bai kai gare ka ba. Allah Ya jiƙan Inna. Ya haɗa mu inda ba a kafa waya.

Ƙanenka mai taurin kai,
Manu