Sunan da Fadimatu Ba Ta Faɗa

Litinin, 5 ga Yuni, 1978

Tun bara muke Talata Mafara, har yau ban kwance kwalin kwanukana ba. Mijina Barnabas yana can Maradun wurin aikin dam, sai Asabar nake ganinsa, ya yi baƙi ya rame. Na sake ce masa ya nemi canji mu koma Zuru. Ya ce to. Kullum to.

Na dawo daga makaranta da la'asar, sai ga Fadimatu maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Ita kaɗai ke sa ni dariya a garin nan. Ruwan dam ya cinye gonar mijinta Hashimu, shi ne suka kama ɗaki kusa da gidan mahaifinta, Malam Tukur. Wai asibitin ma'aikatan dam na neman macen da za ta taya Sista awon jarirai, Sistar kuma Ba'indiya ce, ba ta jin Hausa ko ta zo in kashe ki. Fadimatu ta taɓa firamare kaɗan, kuma a hannun kakarta ungozoma ta tashi. In ta samu aikin za su zauna. In ba ta samu ba, Hashimu ya ce kafin azumi sai Bakura, wurin yayansa.

Na ce ta riƙa zuwa kullum da yamma in koya mata. Ban gaya mata don kaina nake yi ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Kanta na ja. Malam Tukur ya yarda tunda aikin mata ne da jarirai. Hashimu bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Talata, 13 ga Yuni

Ranar kasuwa, hayaniya har cikin ɗaki. Yau mun yi karo da kalmomi biyu, wait da weight. Na ce mata ta farko jira ce, ta biyu nauyi, kuma duka biyun za ta ji su kullum a asibiti, domin iyaye mata jira suke, jarirai kuma nauyinsu ake aunawa. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta matso ta zuba wa bakina ido kamar mai neman ƙaya, ta ce in sake.

Ashe bambancin take nema a harshena. A gidansu an koya mata kowane harafi da mazauninsa a baki, wani a maƙogwaro, wani a bayan haƙori, kuma mahaifinta ba ya barin ɗalibi ya wuce aya sai ya raba su. Ta ƙi yarda cewa kalmomi biyu masu ma'ana daban za su fito ta ƙofa ɗaya.

"Malama Selina, ko dai ke ma ba a koya miki daidai ba?" in ji ta.

Na yi dariya har na ƙware. Na ce mata waɗannan ba a baki ake raba su ba, sai an duba abokan tafiyarsu. In kin ji an haɗa da benci ko ƙofa, jira ce. In an haɗa da sikeli, nauyi ne. Sai ta ce ashe Turawa ma sun san mutum da abokinsa ake gane shi.

Lahadi, 18 ga Yuni

Daga coci na tarar ta aiko mini da fura. 'Yata Larai ta shanye rabi kafin in cire ɗankwali.

Alhamis, 22 ga Yuni

Mun mai da tsakar gida asibiti. Ni ce Sista, Larai ce jaririya duk da ta yi girma da faifan da muka mai da sikeli. Ina ba da umarni da sauri, Fadimatu na bi, ko sau ɗaya ba ta kai mai jira kan sikeli ba. Na tambaye ta sunanta, garinsu, shekarunta, yaranta. Duk ta amsa. Na yi alfahari da ita, da kaina ma.

Litinin, 26 ga Yuni

Ba ta samu ba.

Talata, 27 ga Yuni

Jiya ban iya rubuta komai ba. Ga yadda aka yi. Komai ya tafi daidai, har Sista ta miƙa mata jariri ta ga yadda take riƙo, ta yi murmushi. Sai ta tambaye ta sunan mijinta. Fadimatu ta sunkuyar da kai. Sista ta sake tambaya a hankali, ta sake, shiru. Ta ɗauka Turancin ne ya ƙare, ta ce ta je ta ƙara koyo.

Na san matan nan ba sa kama sunan miji. Na sani sarai, kullum "shi" nake ji ko "maigida". Amma ni da ke kwala wa Barnabas kira tun daga bakin ƙofa, ko kaɗan bai zo mini a rai ba. Na ce mata sau ɗaya ne fa, kuma da Turanci, wa zai ji?

"Ni zan ji," ta ce. "Na gane abin da tac ce, Malama. Bakina ne ba ya ɗaukar shi."

Na ji haushinta, na ji tausayinta, na rasa wanda ya fi. Ta fara ɗaure kayanta a tsumma, shirin tafiya Bakura.

Asabar, 1 ga Yuli

Barnabas ya dawo, na zazzage masa komai har da kuka. Ya sa takalmi ya fita. Na hango su shi da Hashimu a gindin dogon yaro, sun daɗe. Da ya shigo na tambaye shi, ya ce maganar maza ce. Wai maganar maza.

Litinin, 3 ga Yuli

Direban motar asibiti abokin Barnabas ne, shi ya roƙa aka ba Fadimatu dama ta biyu. Na nemi izinin hedimasta na raka ta. Muna isa sai ga Hashimu a bakin ƙofa, da wankakkiyar riga, ya riga mu zuwa a kan keken aro. Fadimatu ta ja mayafi ta rufe fuska.

Sista ta yi tambayoyinta, ta zo kan ta rannan. Fadimatu ta sunkuyar da kai kamar wancan karo. Sai Hashimu ya matso, ya dafa ƙirji, ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya ƙara da 'yan kalmomin Turancin da Barnabas ya ɗora masa, cewa shi ne mijin. Ya jera su a karkace, amma sun isa. Na yi wa Sista bayanin al'adar. Ta riƙe baki, ta ce ai ita ma kakarta har ta mutu ba ta taɓa kiran sunan kakansu ba.

Ta ce Fadimatu ta fara gobe. A waje Hashimu bai dube ta ba, keken yake ta dubawa. Ya ce, "Sai ki riƙa tahiya da wuri, kar a jira ki." Ita kuma ta amsa wa ƙasa.

Lahadi, 9 ga Yuli

Na kwance kwalin kwanukan, don kyankyasai sun fara shiga ne kawai. Fadimatu ta taya ni jerawa, tana ba ni labarin wani jariri da ya yi wa sikeli fitsari.

Da Baban Larai zai koma Maradun ya tambaye ni ko ya shigar da maganar canjin wannan makon. Na ce, Baban Larai, a dakata tukuna, damina ce, hanya ba kyau. Ya tsaya yana kallona, wai me na kira shi yanzu. Na ce ban kira shi komai ba, ya yi sauri kar mota ta tafi ta bar shi.