Jinin da Ya Ƙi Hawa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu ma lafiya, sai ɗan labari.

Ka san ajin da nake koyarwa a hawa na uku yake. Wata biyu ke nan ba na kaiwa sai na tsaya a tsakiya, in yi kamar ina karanta allon sanarwa, alhali ƙirjina ne ke ɗaurewa. Har jadawalin jarrabawar bara na haddace! Maigida ya matsa, jiya muka je asibiti.

Wata na'ura suka ɗora ni a kai, bel na gudu a ƙarƙashin ƙafa, ka yi ta tafiya ba ka zuwa ko'ina. Aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka ɗaura abin awon jini a dantse. Duk bayan minti uku sai bel ya ƙara sauri, nas ta auna. Ka san bakina, sai da ta riƙa faɗa mini lambobin: ɗari da talatin, ɗari da talatin da biyar, sai kuma ɗari da goma. Na yi murna, na ce ashe tafiya nan take take sauke jini. Ba ta yi dariya ba. Likita ya kashe na'urar, ya zaunar da ni.

Ya ce mai lafiya in ya motsa, jininsa hawa yake, don zuciya na ƙara ƙarfin bugu. In ya sauka, wata kila ita kanta zuciyar ce ba ta samun isasshen jini. Ka ji fa! Shekara da shekaru hawan nake tsoro. Ranar Litinin za su leƙa jijiyoyin zuciyar. Ina jin tsoro, amma wallahi ina son gani.

Ka gaida yara.

Yayarka.

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Na dawo gida.

Ta wuyan hannu suka zura siririn bututu, idona biyu. Na roƙa aka karkato mini allon na'urar. Na ga jijiyoyin zuciyata, ɗaya ta tsuke kamar an ɗaure ta da zare. Suka buɗe ta da ɗan ƙarfe mai kamar raga. Na yi ta tambaya har likita ya ce, "Malama, ki bari in gama, sai a yi jarrabawar."

Daga baya shi ya yi tasa tambayar: ko akwai wanda ya rasu farat ɗaya a gidanmu? Na ba shi labarin Baba, yadda ya faɗi a bakin shagonsa yana da shekara hamsin da biyu, muka ce gajiya ce. Ya ajiye biro, ya tambaya ko ina da ƙanne.

Auta, bana za ka cika hamsin. Kada ka aiko mini da sannu. Ka je a auna ka, lambobinka nake jira.

Taka har kullum,
Yaya.