Zan Zo Miki Ba Turare

Paraku, watan Sha'aban, 1968

Zuwa ga Ummuhani, sanyin idona, inuwar kaɗanya a tsakar rana, ruwan randa bayan doguwar tafiya. Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka rufe wa ƙofa. Yaya kan naki? Da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi, kuma daga Paraku har Jugu babu mai ba ni amsa.

Saƙon mahaifinki, Baba Alhaji Usuman, ya iso mini ta bakin Goggo Memuna. An ce kada in sake taka zaurenku. An ce an lura, duk ranar da na zo hira, kafin in kai tasha kin kwanta, ɓarin kanki yana sara kamar ana lugude a ciki, kina amai, kina roƙon a rufe taga a yi shiru. An ce walƙiyar da kike gani kafin ciwon ya sauka aljanu ne nake kwaso miki daga mayanka. Wai kafin azumi za a mayar mini da kayan gaisuwa, a kira wanzami ya tsattsaga miki gefen goshi a zubar da baƙin jini. Goshinki, Ummuhani? Goshin da ko ƙuda ba na so ya sauka a kansa?

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙage suka yi mini ba. Na zo, kin kwanta. Na sake zuwa, kin sake kwantawa. Har ni na fara tsoron kaina.

Shi ya sa ranar Litinin na bar teburina a kasuwa, na sa babbar rigata ta zuwa gidanku, na tafi asibiti na bi layi. Na ce wa lokotoro, wato likita, ni ne marar lafiyar, na zayyana masa ciwonki kamar nawa. Ya dube ni, ƙato kamar bijimin Bargu, ya yi dariya, ya ce in faɗi gaskiya ko wace ce. Da na faɗa, sai ya ce ciwon ɓarin kai ne, su suna ce masa migiren. Ya ce ba iska ba ne, ba baƙin jini ba ne, ya fi kama mata kuma yakan bi gida. Nan na tuna kin taɓa gaya mini marigayiya Innarki ma takan ɗaure kai ta shige ɗaki. Ya ce ciwon kwance yake sai wani abu ya tashe shi, zafin rana ko yunwa ko rashin barci, ko ƙamshi mai ƙarfi. Yana cikin wannan magana ya miƙe ya buɗe taga, ya tambaye ni ko da wannan rigar nake zuwa wurinki.

Wayyo Ummuhani, ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Ni mahauci ne ɗan mahauci, ke kuwa jikar fataken goro ce, gidanku gidan malamai da manyan riguna. Kunya nake ji a jiyo ƙarnin nama a jikina a zauren Baba. Sai in turara rigar nan tun jajiberen tafiya, in na sauka daga kamiyo, motar kaya, a Jugu kuma in juye mata rabin kwalbar turare, in shafa a hula, in shafa a gemu. Bai ishe ni ba, har ke nake kawo wa tsarabar kwalabe in ce ki riƙa shafawa kina tuna ni. Ke kuma da kawaicinki sai ki yi murmushi ki karɓa. Ashe da hannuna nake kunna miki wuta ina jin kaina ango!

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa, da mota ta lalace mana a Onkulu? Daga kasuwar kara nake, buɗu-buɗu da ƙura, ina warin shanu. Muka wuni gindin ɗorawa, ke da Goggo kuna gasa doya, kina yi mini tsiya wai tsawona ya isa in leƙo Jugu in gaya muku ko an sauke tuwo. Kin yi dariya har da hawaye. Ranar kanki bai ce miki komai ba, ko ba haka ba? Ki tambayi Goggo, ita ce shaida.

Ina roƙonki don Allah, ki fitar da kwalaben nan daga ɗakinki, ki ba wanda kika ga dama. Kada ki riƙa wuni ba ki karya ba, ki yawaita shan ruwa, ki guji tsakar rana. Da kin ga walƙiyar ta fara, ki haɗiyi ƙwayar da lokotoro ya bayar, ga ta nan cikin ƙunshi, ki kwanta a ɗaki mai duhu da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Bai ce mini zai rabu da ke kwata-kwata ba, kuma ya ce yana so a kawo ki ya gan ki da idonsa. Amma aska ba ta da aiki a fuskarki.

Sai abu ɗaya da ya rage. Ki durƙusa gaban Baba, ki sa Goggo ta taya ki, a ba ni la'asar guda kafin wanzami ya zo. Zan zo da wankan sabulun salo da tsohuwar taguwa, yadda Allah ya yi ni. In ya ji ƙarni ya ce ba ya ba mahauci 'yarsa, to aƙalla ya ƙi ni a kan gaskiya, ke kuma goshinki ya tsira.

In kuwa na zo haka kanki ya sara, na haɗa ki da Allah kada ki cije ki ɓoye don ki cece ni. Na san halinki, za ki iya. Ki faɗa a gaban kowa, zan ɗauki takalmina in fita ba sai an kore ni ba. Gara in ji labari daga nesa kina lafiya a gidan wani, da in same ki a nawa ɗakin kina rufe ido in na shigo.

Naki, ko an buɗe mini ƙofa ko an bar ta a rufe, har ranar da za a sa ni a ƙasa,

Abduljalil Dogo