Ba ƙazantata ta kashe jatan landen ba, rijiya ce

Zuwa ga Malam Danjuma, mai koya wa mata kiwon jatan lande na ado.

Malam, ina ka shiga ne? Wata uku ina kira ba ka ɗauka, na je ofis sau biyu an ce ka fita. Shi ya sa na rubuto nan gurup ɗin mata kowa ya karanta, tunda abin ma a gaban kowa aka yi min.

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Ni ce Maman Hafsa ta Unguwar Mu'azu, wadda ka soke sunanta.

Na farko. Ranar da kuka raba mana akwatin gilashi da 'yan jajayen jatan lande talatin-talatin, mu rena mu sayar wa masu ƙawata ofis da otal, da bakinka ka ce akwai wani datti da ido ba ya gani, wai nitiret, kashinsu da ragowar abinci ke tara shi, maganinsa canjin ruwa. Ni firamare na tsaya, amma abin da aka ce in yi ina yi. Duk kwana biyu na ja guga na canja rabin ruwan, har bayana ya riƙe. Suna mutuwa ina ƙara canjawa, ina canjawa suna ƙara mutuwa.

Na biyu. Da ka zo dubawa ka tarar saura bakwai, ko tambayata ba ka yi ba daga ina nake ɗebo ruwa. Da muka koma aji sai ka ce a gaban mata, "Wannan ƙazanta ce da son jiki." Ni, Malam, da ko gindin tukunyata kana iya duba fuskarka. Mata na dariya, ka ja biro ka soke ni. A keke na dawo ina cusa fuska cikin hijabi. Baban yara ya ce in zubar da su in huta, na ce ba zan zubar da rai ba.

Na uku, kuma a nan nake so ka gyara zama. Makon da ruwa ya sauka igiyar guganmu ta tsinke, sai na tari na indararo na zuba musu. Kwana biyar ko ɗaya bai mutu ba. Na faɗa wa maƙwabciyata Mama Rifkatu, wadda ta yi aikin ɗakin gwaji a sakandare kafin ta yi ritaya. Ta samo 'yar takardar gwaji, muka tsoma a ruwan sama, tana nan fara. Muka tsoma a ruwan rijiya sabon ja, wallahi sai ta koma kamar zoɓo. Ashe rijiyar ce cike da nitiret ɗin, don taku kaɗan ne tsakaninta da shaddar gidan baya. Cutar nake ta ɗura musu da sunan magani. Nawa sun riga na kowa mutuwa ne don na fi kowa bin maganarka.

Yanzu ga yadda nake yi, kyauta, ban soke kowa ba. Ruwan sama nake haɗawa da na bohol da muka gwada, don Mama Rifkatu ta ce na sama zalla ba shi da ƙarfi. Sau ɗaya a mako, kashi ɗaya cikin biyar kawai nake canjawa. Abinci ɗan mitsitsi, in na sa dafaffen alayyahu na cire saura kafin ya ruɓe. Sannan kainuwa, wannan ta kududdufi da ba mai kallo. Na wanke ta, na bar ta mako guda a bokiti, na ɗora a kan ruwan. Saiwarta ke shanye dattin, in ta cika na rage.

Bakwai ɗin nan, Malam, jiya na ƙirga 'ya'yansu har ɗari na gaji. Wasu matan jatan landen ma ga ƙwai nan rataye a cikinsu.

Abin da ya fi tayar min da hankali, da ruwan rijiyar nan muke dama wa jikata koko, kuma an ce tafasawa ba ta fitar da nitiret ɗin. Mun daina. Jatan landen da ka ce na kashe su suka tona mana.

Roƙona uku ne. Ka mayar da sunana a gaban matan da ka soke shi, ba a waya ba. Ka sa takardar gwaji cikin kayan kowace mace. Ka kuma riƙa cewa a gwada ruwan da za a zuba, ba na akwati kaɗai ba.

Ban riƙe ka ba. Allah ya ƙara maka ilimi, ya raya zuri'a, ya ba ka haƙurin tambaya kafin ka ja biro.

Bari in tsaya, ana buga ƙofa. Na leƙa, matan ajinka ne su huɗu, har da wadda ta fi kowa dariya ranar, kowace da gorar ruwan rijiyarta a hannu.

Wassalam,
Maman Hafsa