Bel Ɗin da Maestro Ya Ƙwace

Litinin, 4 ga Mayu, 1987

Ran Asabar jagoranmu, Maestro Velescu, zai yi wasansa na ƙarshe. Shekara talatin da huɗu yana kaɗa mana 'yar sandar nan, mu makaɗa casa'in muna bin sa. Jarida ta ba shi shafi biyu. Wai da akwati ɗaya ya sauko daga jirgin ruwa, wai ya ja kiɗa a Vienna da Tokyo, wai bai taɓa ajiye littafin kiɗa a gabansa ba, komai da ka. Sunana ko sau ɗaya babu! Ni Lenny Pruchnik mai faya-fayen tagulla, wanda in na haɗa su, ƙau! har mai gyangyaɗi a layin baya sai ya zabura.

Sunan wanda ya tsara kiɗan ban iya rubuta shi ba, baƙaƙe sun masa yawa. Minti hamsin ne, bugu ɗaya gare ni a ciki. Amma fa wane irin bugu!

Talata, 5 ga Mayu

Matata Dolores ta sayo mun bel. Ta ce, "Tsohon nan, shekara ashirin da shida kana jan wando gaban mutum dubu biyu. Bana har da talabijin, ba za ka ba ni kunya ba."

To laifina ne? Tumbi ke tura wandon ƙasa. Shi ya sa nake riga lokaci tashi, in ja shi da hannu biyu, sannan in ɗau faifai. Maestro ya sha yi mun faɗa: "Mista Pruchnik, nan ba ɗakin kwananka ba ne." Bel ɗin dai ya mun kyau. Komai yana mun kyau.

Laraba, 6 ga Mayu

Yau an kwafsa a gwaji. Can kusa da ƙarshe akwai wurin da masu goge ke maimaita abu ɗaya sau uku, a na ukun a juya, a hau sama, ni kuma in buga. Da bel ba ni da abin gyarawa, sai na yi zamana har lokaci ya yi. Aka zo na uku, Maestro bai juya ba, ya ci gaba kamar da saura. Rabi suka bi hannunsa, rabi suka bi takarda. Kamar an zubo tukwane daga bene.

Ya tsaya, sanda a sama. Shekararsa tamanin da ɗaya, yau na fara ganin su a fuskarsa. Manaja ya lallaɓo da littafin zai ajiye masa, ko kallonsa bai yi ba.

A wurin cin abinci Gus mai ƙaton kakaki ya ce, "Kai Tumbi, tsoho ya ƙare." Na ce rufe mun baki, kai da busarka kamar saniya na mura. Tsiran alade biyu kawai na iya ci.

Alhamis, 7 ga Mayu

Maestro ya aika a kira ni ɗakinsa. Karo na farko ke nan! Na ce a raina ashe yau zai amsa cewa ni ne ginshiƙin ƙungiyar.

Ya rufe ƙofa. Ya nuna cikina da sanda. "Mene ne wannan?"

"Bel ne, Maestro. Fata ce ta gaske."

"Cire."

Na ɗauka wasa ne. Ya zauna, ya ce a hankali, shekara uku ke nan wurin nan ke ɓace masa, ba ya sanin na biyu ake ko na uku. "Sai in ga ka tashi ka ja wandon nan, in san mun iso. Ba ka taɓa kuskure ba, ko sau ɗaya. Jiya na duba ban gan ka ba."

Ya ce in aka sa masa littafi ran Asabar, abin da za a tuna ke nan, ba sauran shekarun ba.

Na cire na ba shi, ya jefa a aljihun tebur. Na ce, "Dolores za ta kashe ni." Ya ce, "Bari sai Lahadi ta kashe ka."

Juma'a, 8 ga Mayu

Na ce wa Dolores bel ya ɓata. Ba ta yarda ba. Wake na gwangwani na ci.

Lahadi, 10 ga Mayu

Kai! Kai! Jiya!

Zaure ya cika har da na tsaye. Na ƙirga kamar raina ne a ciki, gumi har cikin takalmi. Aka zo wurin nan na maimai uku. Na ɗaya ya wuce. Na biyu ya wuce. Na ga idon tsoho ya taso yana nema can baya. Na miƙe, na kama wando na ja shi har kusan hammata, ja mafi kyau a tarihin Amurka. Gemunsa ya motsa. Ya juya sandar, mutum casa'in suka hau sama tare, ni kuma ƙau!

Aka yi ta tafi. Ya yi mana alama mu tashi, Lorraine shugabar masu goge ta ƙi, duk muka zauna muna buga ƙafa a katako, tafin ya zama nasa shi kaɗai. Gus na kuka kamar jariri. Ni ƙura ce ta shiga mun ido.

Talabijin ta nuno ni daidai lokacin jan wandon. Ƙanwar Dolores ta bugo waya tun daga Toledo tana dariya. Har yanzu ba a mun magana a gida.

Litinin, 1 ga Yuni

Ɗan saƙo ya zo ta gidan waya. Bel ɗina ne, da 'yar takarda: "Yanzu ka iya ɗaurawa. Na gode, Lenny." Lenny fa, ba Mista ba.

Da rana Gus yana ta ba mutanen wurin cin abinci labari, wai tsoho da ka ya yi wasan tun daga farko har ƙarshe, ba mai taimaka masa. Ya zungure ni: "Tumbi, yau ba ka ce kai ka koya masa ba?"

Bakina har ya buɗe. Na ce, "Da ka ya yi shi. Miƙo mun gishiri."

Bel yana cikin akwati. Ya ɗan matse ni ne kawai.